Ranar da Malamin Ladabtarwa Ya Yi Tallan Ƙwaya

A shekarata ta farko ta koyarwa a wata sakandaren maza a Shinkafi, duk maganar shaye-shaye a hannun malamin ladabtarwa take. Dattijo ne mutumin Badarawa, wanda ko lemon kwalba kallon tuhuma yake yi masa. Kowace Litinin sai ya tara ɗalibai ya zayyana musu yadda ƙwaya ke mai da mutum mai tsince-tsince a bola. Su sunkuyar da kai, da an watse su koma bayan aji suna kwaikwayon muryarsa.

Sai aka turo mana wata ma'aikaciyar lafiya daga Ƙauran Namoda. Ta saurari wa'azinsa har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, tsoratarwa kaɗai ba ta cika aiki ba. Sun san ƙwaya na da illa. Abin da za su faɗa in aboki ya miƙo musu ne ba su iya ba. Sai sun yi ta gwadawa, kamar koyon keke."

"To, wa za ya fito a abokin banzan?" in ji shi.

"Kai, Baba."

Mun ɗauka zai ƙi. Sai ga shi ya karkace hula, ya ƙunsa gyaɗa a takarda a matsayin ƙwaya, ya dafa kafaɗar wani ɗalibi. "Haba abokina, guda tak. Sha wagga ka nome gonarku kahin azahar, ko zuhwa ba ka yi."

Ɗalibin ya karɓa. Na biyu ya karɓa. Na uku har da godiya.

Da muka fito na ce, "Malam, ina ka ƙware haka?"

"Tun kahin a haihe ka nike kama masu wanga talla. Ai dole in haddace."

Daga nan duk Laraba yana talla, su kuma suna koyon cewa a'a ba tare da zagi ko jin kunya ba, su sauya zance, su yi gaba. Kafin hutu ya fara ƙorafin kasuwarsa ta mutu.

Wata rana wani ɗan aji shida ya shigo ofis, ya ce maganin tari ya kama shi, ya kasa bari. Na ga idon malam ya kai kan bulalar da ke jingine da bango. Sai ya ce in ba shi aron makullin babur ɗina. Shi da kansa ya goya shi zuwa asibiti.