Kai Baba Legas Hoton Sukari

Maiduguri zuwa Kano

Mun bar unguwarmu Mafoni bayan sallar asuba, ni da Baba, a keke zuwa tasha. Wata biyu ke nan da aka yanke masa ƙari a hanji. Likitansa ya ce ciwon daji ne, kuma ba za a san ko ya bar iri a jiki ba sai an yi wani hoto da babu na'urarsa a nan, sai Legas. Inna ta raka mu bakin zaure, ta damƙa mini ledar dabino.

Dokar likita ita ce, ana gobe hoton kada Baba ya yi tafiyar ƙasa mai nisa ko aikin ƙarfi. Ni kuwa don tsoro na ɗora masa dokar tun daga gida. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanu da ƙafa, ya tsufa yana zaga kara, kasuwar shanu! A shingen sojoji na hanyar Damaturu aka ce kowa ya sauka ya taka. Na je na roƙi sojan a bar shi a mota.

"Bukar, wa ya ce maka na gurgunce?" in ji Baba, ya riga ya sa ƙafa a ƙasa.

A Potiskum muka ci masa da romo. Rabin ɗaya ya ci, ya ture kwanon. Mun shiga Kano da magariba, muka kwana gidan ƙanwarsa.

Legas

Washegari muka hau jirgi. Alhaji Goni, tsohon abokin Baba a fataucin shanu, shi ya ɗauke mu zuwa gidansa a Agege. Da ya ga yadda Baba ya zube sai ya kau da kai, ya shiga tambayar farashin bijimai a gida. An dafa burabusko, amma asibiti sun hana tuwo da duk wani mai zaƙi, sai nama da ƙwai. Ranar har masallaci na hana shi zuwa. Bai yi mini magana ba sai da safe.

Asibiti

Ba karyawa muka je. Aka yi masa allurar wani ruwan sukari, aka kai shi wani ɗan ɗaki, aka ce ya kwanta shiru na awa guda: ba motsi, ba magana. Na fassara masa har sau biyu. Ya ce ya ji, ya zaro carbinsa, aka rufe ƙofa. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Bayan nan suka tura shi cikin na'urar.

Da la'asar likitar ta kira mu, wata Bayarabiya mai sanyin murya. Ga Baba a allo tun daga kai har gwiwa, toka-toka. Amma harshensa da maƙogwaronsa sun yi jawur kamar garwashi, haka ma tsokar hannunsa na dama. Na ce shi ke nan, ciwon ya hau wuya.

Ta ce in tambaye shi ko ya yi magana a ɗakin.

"Ban yi da kowa ba," in ji Baba. "Salati kawai na yi ta ja. Mutum ya kwanta awa guda bakinsa a banza?"

Ta yi ɗan murmushi, ta yi mini bayani. Duk tsokar da ke aiki tana janyo sukari daga jini, shi ne abincinta, kuma gwargwadon aikinta gwargwadon shanta. Sukarin allurar yana ɗauke da wata alama da na'urar ke gani. Ciwon daji shi ma mayen sukari ne, shi ya sa ake kwantar da jiki, don shi kaɗai ya fito. Ta nuna mini yadda hasken wuyan ya zo daidai hagu da dama. Ta ce wannan aiki ne, ba ciwo ba, na hannun kuma jan carbi ne.

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har na kama hannun Baba. Sai ta gangaro da hoton ƙasa, ta tsaya a hanta. Ɗigo uku, ja, a warwatse.

"Waɗannan fa? Su ma motsi ne?"

Ta girgiza kai. Ta ce akwai maganin da zai rage wa ciwon gudu, a Maiduguri ma za a iya yi, amma ba za ta ce mini warkewa ba.

Baba yana kallon bakina. A rayuwata ban taɓa jin nauyin harshe irin na ranar ba. Na gaya masa da Kanuri, ban rage komai ba. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Can ya nuna allon.

"Ka ce ta koma sama."

Ta koma. Ya daɗe yana kallon wuyan nan nasa.

"Ashe ana gani," ya ce. "Ka ce ta buga mini wannan a takarda."

Komawa

Ta Kano muka sake biyowa. Daga Potiskum har Damaturu barci ya yi, kansa a kafaɗata, ni kuwa na yi kukana a ɓoye ina kallon taga. Mun iso Mafoni ana kiran la'asar. Maƙwabta suka cika zaure, gaisuwar wushe wushe ta ko'ina, ya amsa wa kowa da sunansa.

Da muka shiga ciki Inna ta kawo ruwa, ba ta ko zauna ba ta ce, "Me hoton ya nuna?"

Baba ya miƙa mata takardar. "Ga shi. Wannan jan salati ne, likita ce ta faɗa."

Ta riƙe da hannu biyu tana kallo, tana murmushi. Sannan ta ɗago ta dube ni, murmushin ya tsaya.

"Zauna, Falmata," in ji Baba. "Sauran ni zan gaya miki, yaron nan ya ɗauka ya isa."

Na fito tsakar gida na ba su wuri. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Alhaji Goni da Gwaggo ta Kano, Allah Ya saka da alheri. Wanda ya karanta wannan, ya sa Baba a addu'a.