Ƙarafan da Na Ɗaga Don In Yi Shara

Matso nan kusa da ni, bar bakin ƙofa, don maganar da zan ba ka ba ta son ɗaga murya. Maganar mota ce, ko da yake ni ban taɓa riƙe sitiyari ba. Ko kasuwar Dogon Dutsi ma sai in yi wata ban leƙa ta ba. Abin da na sani na duniya, yawancinsa a tsakar gida ya iske ni, kunnena ya kama shi.

Zamanin Faransi ne, shekarun ƙarshe, an daina kamun mutane aikin dole amma kumandan yana nan a bariki. Maigidana direba ne. Ya daɗe yana ja wa wani Bature mai sayen gyaɗa mota, da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa tsohuwar, 'yar ƙarama mai buɗaɗɗen baya. Motocin gari ba su da yawa a lokacin, kuma kowacce na san muryarta. Ina cikin daka zan ce wa yara, "Ku janye zana, ga babanku nan," tun bai shigo unguwa ba. Motar cikin gida take kwana, gefen rumbu, kamar wata akuya babba.

Uwar maigidana, Inna muke ce mata, mutuniyar Matankari ce. Ciwon baya ya sa aka kawo ta wurinmu don ta yi kusa da gidan likita, har ta shekara. Da bazara ta tsananta sai ta daina cin tuwo, kunu kawai, shi ma 'yan ludayi. Wata safiya ta kira ɗanta ta ce, "Ka mai da ni gida. Ruwan farko, ɗakina nika so shi iske ni." Babu wanda bai gane abin da take nufi ba. Jaki ba ta iya hawa, ko a shimfiɗa in mun juya ta sai ta cije leɓe. Sai dai mota, a kwance, a hankali. Kuma in ruwa ya riga mu sauka, hanyar fadama za ta zama taɓo, tsohuwar motar nan ba ta ratsa shi.

A makon nan ne kuwa risor na ƙafar baya ta hagu ya karye masa a hanyar Kore Mairuwa, da ƙyar ya lallaɓo ta gida. Risor shi ne abin da ke ɗauke da nauyin mota don kada ta girgiza mutum, direbobin ƙasar Ingilishi sifirin suke ce masa. Ƙarafa ne masu faɗi, an jera su bisa juna, dogo a sama, gajeru a ƙasa, ƙusa guda ta ratsa su ta ɗaure. Na saman ne ya rabe biyu. Makaniki sai Doso, motar kuwa ba za ta kai ba. Sai ya je bayan bariki inda wata mota irinta ta daɗe a mace gindin tsamiya, ya roƙi mai gadi, ya kwanto ƙarfen sama mai lafiya. Ya ce a gida zai yi aikin.

Ya aika aka kira ɗan kawuna, maƙeri ne, taubashina kuma, mutumin da bai taɓa shigowa gidana ya fita bai tsokane ni ba.

"Baiwata, ina fura? Ko sai na sayar da ke in sayi tawa?"

"Wa zai saye ni hannun mai baƙin hanci? Je ka wanke toka tukuna."

Suka ɗaga motar da abin ɗagawa, maigida ya ce in ba shi tsohon turmina da ya tsage, ya tokare ta da shi. Wuni suka yi suna fama da ƙusoshi masu tsatsa. Da la'asar suka fitar da risor ɗin, suka warware shi, maigida ya jera ƙarafan a kan yashi, daga dogo zuwa gajere, sabon ya ajiye shi jikin karyayyen. Ya tara yara ya ce, "Wanda duk ya taɓa ƙarfen nan, ni da shi ne." Sai gobe za a haɗa.

To, a gidan da na tashi, mace ba ta ɗora tukunya a murhu tsakar gida ba a share ba. Uwata in ta ga kashin akuya da hantsi, har maƙwabta sai sun ji. Da safe maigida bai dawo daga masallaci ba, na fito da tsintsiya, na iske awaki sun kwana kan wurin, kaji sun tona, ga ɗigon baƙin mai. Na tsaya ina kallo. Na ce a raina, ai yara aka hana, ni kuma ba wasa zan yi da su ba. Na ɗauke su ɗaya ɗaya na jingina a rumbu, na share wurin fes, na mai da su daga dogo zuwa gajere, har sun fi jiya kyan jeri. Wane kai ne ya dubi zaure, wane ne ya dubi madafa, ban duba ba. A idona kawunan duk iri ɗaya ne.

Suka zo suka haɗa, suka ɗaura. Komai ya tafi daidai sai da aka zo kan amotisa, wani ƙarfe ne mai mai a cikinsa, shi ke hana mota tsalle in ta faɗa rami. Hannun amotisan ya ƙi kaiwa inda ƙusarsa take. Jiya daga nan aka cire shi, yau ya gaza. Suka ja, suka tura, har aka ari taɓaryata aka banƙare shi da ƙarfin tsiya, ƙusar ta shiga a karkace.

Maƙeri ya share gumi ya ce, "Sabon ƙarfe ne, taurin kai gare shi. Bari shi ji kaya, kwantawa zai yi."

Maigida ya fita gwaji. Tun daga bakin rijiyar unguwa na ji dawowarsa, kuma na ji muryar ba tata ba ce. In ta taka tudu sai a ji ƙwas, sannan wani shuu kamar ana goga tafin hannu a bayan ƙwarya. Ya sauko fuska a ɗaure. Ya ce sitiyari na fizgarsa gefe, motar a karkace take tafiya, har masu zama gindin itacen bedi suna nuna ta suna dariya. Ya ce, "Wannan in na kwantar da Inna a ciki, kafin mu fita gari na kashe ta."

Da yamma ina tankaɗe a madafa, su kuma suna zaune kan tabarma suna juya maganar. Sai na ji maigida na cewa, "Wallahi yadda na fitar da su haka na mai da su. Makanikin Doso na gani yana haka. Kan da ya dubi zaure shi ne gaba, ban saɓa ba."

Rariya ta tsaya a hannuna.  Amma ban fita ba. Na ce wa kaina wataƙila yadda na iske su haka na mai da su. Na ce wataƙila ma gaba da baya duk ɗaya ne. Gaskiyar magana, kunya ce. Yaya zan fito gaban taubashina, wanda zai yi shekara yana ba da labarina a maƙera, in ce ni ce? Yaya zan dubi mijin da ya wuni a ƙarƙashin mota, fatar yatsunsa duk ta saɓule?

Washegari suka sake hawa aikin. Suka zargi amotisa, suka cire shi, suka zubar da mansa suka zuba sabo. Ba ta canza ba. Suka sassauta ƙusoshi suka sake ɗaurewa. Ba ta canza ba. Maƙeri ya ce a ba shi hannun amotisan ya kai wuta ya ƙara masa tsawo, maigida ya ce a dakata, in ya lalace babu wani. Maƙwabta suka fara shigowa da nasu sanin. Wata tsohuwa ta bayan gidanmu ta tsaya nesa da motar ta ce, "Ƙarfen da ya shekara gindin tsamiya za ku ɗauko ba sallama? Doguwa mai wurin ta biyo kayanta. Ku je Lugu wurin 'yan bori a duba muku, ko ku ba ta abin da taka so." Maigida mai salla ne, ya ci gaba da aikinsa. Amma da la'asar na ga jar kaza ɗaure a zaure, ban tambayi ta mece ce ba.

Na kai wa Inna kunu. Ta kurɓa sau biyu ta kau da kai.

"Motar ta warke?"

"Saura kaɗan, Inna."

"Jiya ma saura kaɗan kika ce mini, ɗiyata." Ta ja numfashi ta hanci. "Kin ji? Ruwa ya taɓa ƙasa wani wuri can gabas."

Na ji shi ni ma. Na fito na dubi sama, hadari ya yi gini bayan dutse, sannan iska ta watsa shi. 

Rana ta uku da safe na fito shara, na zo inda motar ta shigo jiya, sai na tsaya. Shekara da shekaru ina share sawunta, layi biyu ne kullum, ƙafar baya tana bin ta gaba. Yau layi huɗu ne. Na ajiye tsintsiya, na kwanto igiyar guga. Na auna daga cibiyar ƙafar gaba zuwa ta baya a gefen dama, kamar yadda nake auna zane, na ƙulla. Na zagaya hagu na auna. Ƙullin bai kai ba, saura kusan taƙi guda.

Ina durƙushe da igiya suka shigo, shi da maƙeri.

"A'a! Baiwata, riga za ki ɗinka mata? Ki sa mata aljihu, ta riƙa ajiye mini goro."

Ban rama ba. Na juya ga maigida, ban tashi daga durƙuson ba, na ce, "Malam, ni na ɗaga ƙarafan nan na yi shara. Na mai da su, amma ban san kan da ya dubi zaure ba. Ga igiya, hagu ta fi dama tsawo."

 Ya je gindin rumbu ya ɗauko karyayyen ƙarfen, ya haɗa guntayen biyu a ƙasa, ya karɓi igiyar ya auna daga ramin ƙusa zuwa kai ɗaya, ya auna zuwa ɗayan. Ramin ba a tsakiya yake ba. Gefe guda ya fi gajarta, shi ne na gaba, su kuwa baya suka kai shi, ƙafar ta ja da baya, amotisa ya gaza, taya tana gogar jikin mota. Ya daɗe yana kallon igiyar.

Ya ce, "Duk shekarun nan ina kwaikwayon makaniki, ban taɓa tambayarsa dalili ba." Sannan ya ɗago. "Tun yaushe kika sani?"

Da na ce yau da safe, da ya yarda. Na ce, "Tun shekaranjiya na yi zato."

Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin Inna. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sai maƙeri ya ce, "To, doguwar ta bayyana, da tsintsiyarta ma. Kazar nan ni za a soya wa, ni ne na sha wuya. Tashi, baiwata, kawo turmi."

Kafin azahar sun sauke risor, sun juya shi, sun ɗaura. Ƙusar amotisa da aka yi yaƙi da ita, da yatsu biyu maigida ya zura ta. Muka zuba yashi a buhuna aka jera a bayan motar don ta yi nauyi ta daina rawa, muka shimfiɗa ciyawa, tabarmi uku, sannan bargo. Mutum huɗu suka ɗauko Inna a kan shimfiɗarta. Ƙanwar maigida ta hau ta riƙe mata kai.

Na matsa in yi mata sallama, na kasa duban idonta. Ta kama wuyan hannuna, hannunta ba nauyi kamar kara. Ta ce, "Zana ba ta tare magana, na ji komi. Shekara guda ina gidanki ban taka ƙazanta ba. Allah shi yi miki albarka, bar kuka."

Ban bi su ba, yara da awaki ba mai kula. Na tsaya bakin zaure ina saurare. Ta hau tudun bakin rijiya, babu ƙwas, babu shuu, muryarta ta dā ce. Na bi ta da kunne har ta ɓace wajen arewa.

Washegari da la'asar ruwa ya sauka, mai yawa, fadama ta cika. Maigida ya ce Inna na ɗakinta lokacin, ta sa aka ɗage labulen ƙofa, ta ce a tara mata na indararo ta sha. Kwana biyu bayan haka ta rasu, aka binne ta cikin mutanenta. Motar ma sai da ƙasa ta tsane ya iya dawowa da ita.

Har ya bar duniya bai sake tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Ni ce ban bar kaina ba. Kwana uku Inna ta samu a ɗakinta, da na buɗe baki tun a madafa da huɗu ta samu, kuma da ruwan ya riga mu da kwana ɗaya da ba ta samu ko guda ba. Kai da kake saurarena, da kai ne riƙe da rariyar nan ka ji abin da na ji, a take za ka fito ka faɗa, ko kai ma sai ka kwana biyu?