Randunan Jambutu da Aka Wanke Saboda Ni

Shekaru sun ja, kuma littafin da nake rubuta aikin kowace rana a ciki ya jiƙe lokacin da rufin sito ya yi yoyo. Saboda haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba. Amma Lahadin da na shiga gidan Ya Falmata a Jambutu ba tare da na aika cewa ina tafe ba, ita kam ba ta taɓa fita daga raina ba. An ce in rubuta wa sababbin ma'aikatan ɗakin gwajinmu wani abu daga aikin fita unguwa, ni kuwa wannan ne abin da nake da shi.

Daminar da ta biyo bayan gudun da mutanen Michika da Madagali da Mubi suka yi zuwa Yola ce. Na gama digiri a kimiyyar sinadarai, na gama bautar ƙasa, aka ɗauke ni mataimakiyar bincike, wato matsayi mafi ƙanƙanta a aikin. Sama da ni akwai Baba Istifanus, babban ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda ya fara aiki tun kafin a haife ni. Sama da shi akwai Dakta Hammawa, shugaban binciken, mai sa hannu a rahoto.

Da yawa daga cikin waɗanda suka gudo ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka sauka. Gidan da a da mutum takwas ke sha daga randa ɗaya sai ya koma talatin. Yara suka fara zawo da amai. Wata ƙungiyar agaji ta nemi sashenmu na jami'a ya gwada ruwan sha na wasu unguwannin Jimeta, domin ta san inda za ta raba bokitai masu murfi da famfo, da maganin tsabtace ruwa. Kayan ba su isa kowa ba. Unguwar da ruwanta ya fito da kyau za a cire ta daga jerin. Ni aka ba wa wani ɓangare na Jambutu.

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai sani ba. A kowane gida ana ɗibar ruwa kwalba biyu: ɗaya daga rijiyar da suke ja, ɗaya daga randar da suke sha. Kwalaben an dafa su tun a ɗakin gwaji, ba a buɗe su sai a bakin ruwan. A sa su cikin kula mai ƙanƙara, kuma dole su isa ɗakin gwaji kafin awa shida, in ba haka ba an yi aikin banza. A lokacin an hana acaba, sai keke mai ƙafa uku, ga shingen sojoji a bakin gadar Binuwai, inda kusan kullum sai an buɗe kular an ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya ni kuwa ina kallon ƙanƙarata tana narkewa. A ɗakin gwaji sai mu tace ruwan ta wata siririyar takarda, mu ɗora ta a ɗan faranti, mu sa a na'urar ɗumama ta kwana. Washegari in akwai ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, za su bayyana ɗigo-ɗigo a kan takardar. Akwai kuma wata 'yar mita da ake tsomawa a ruwa, tana nuna yawan gishirin da ya narke a cikinsa.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne tushen labarin. Kwamitin da ke ba da izinin bincike ya sharɗanta a ba mutane kwana ɗaya su yi tunani kafin a taɓa musu ruwa. Don haka sai in je yau tare da matar Jauro, wato mai unguwa, in karanta musu takardar yarda, su dangwala, in ce, "Gobe da safe zan zo in ɗiba daga randarku." Ban taɓa tsallake wannan ba ko sau ɗaya. A gaskiya har alfahari nake da hakan.

Rijiyoyin sun fito yadda muka zata, ba kyau. Randunan kuwa tas, faranti bayan faranti babu ko ɗigo. Dakta Hammawa ya duba takardun ya ce watakila matan Jambutu suna tafasa ruwa, in haka ne ba su da buƙatar bokitan. Na ce watakila.

Amma mitar gishiri tana faɗa mini wani abu daban. Ruwan rijiyoyin wajen yana da gishiri sosai, na randunan kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ruwa ba ya rage gishiri don ya kwana a randa. Tafasawa ma ba ta cire shi haka. Wannan abu ne da ɗalibin shekarar farko ya sani, kuma ni ma na sani. Sai dai maimakon in yi magana, sai na zargi mitar. Na canja mata batir, na sake daidaita ta, na aro wata daga wani ɗakin gwajin. Duk amsa ɗaya. Ina jin mako uku na yi a haka, ko da yake yana iya fin haka. Tsoro nake ji a ce sabuwar yarinyar ta cakuɗa kwalabe.

Baba Istifanus ne ya gaji da ni. Ya same ni ina wanke bakin mitar karo na ban san adadi ba, ya ce, "Saratu, za ki kashe wannan mita da wanka. Mita ba ya ƙarya, ba shi da dangi a Jambutu."

Na ce, "Baba, to ko ni ce na yi kuskuren lamba?"

"Kuskure ɗaya gida ashirin? Kin taɓa zuwa gidajen nan ranar da ba su san kina zuwa ba?"

Na ce ƙa'ida ba ta yarda ba.

"Ƙa'ida ya hana ɗiban ruwa. Ya hana gaisuwa?"

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na hau keke zuwa Jambutu, ba kula, ba farar riga. Na zaɓi gidan Ya Falmata don ta fi kowa sake mini fuska. 'Yar Borno ce, ta daɗe a Jimeta tana sayar da turaren wuta, kuma ta sauki iyalai uku da ba ta taɓa sani ba, har da wata mata 'yar Michika mai suna Kwada da 'yarta ƙarama. Na yi sallama na shiga. Randar tana nan gindin bishiyar darbejiya inda na saba ganinta, amma babu murfi, ga moɗa a ƙasa, yara na ɗauka suna tsomawa har gwiwar hannu. Ruwan ciki launin ƙasa-ƙasa. Kwada na zaune a tabarma da yarinyar kwance a cinyarta, idanunta sun faɗa.

Ya Falmata ta fito tana tafa hannu. "Malama! Haka ake yi? Ba aike, ba komai? Kin kama mu tsirara. Ku kawo mata kujera, a sayo mata fiya wata."

Na ce ta bari, ni wannan na randa zan sha.

"Wannan? Allah ya kiyaye. Wannan namu ne, ba na baƙo ba."

Na zauna. Na tambaye ta a hankali, ranar da na zo da kwalabe, wane ruwa ne a randar.

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Kin ce gobe za ki zo ki ɗauki ruwan gida na ki kai jami'a, manyan malamai su duba. Sai in ba ki dattin rijiya? Mun wanke randa da toka, mun fasa fiya wata leda-leda mun cika. Kwada ma ta taya ni, har yatsa ta ya yi ciwo."

"Sauran gidajen fa?"

"Kowa. Matar Jauro ta bi gida-gida ta ce kar wanda ya ba unguwa kunya. Dama ana ta cewa 'yan gudun hijira sun kawo mana ƙazanta. Mu bari a rubuta a takarda kuma?"

Ba yaudarata suka yi niyya ba, ko kaɗan. Karramawa ce, da kare mutuncin baƙinsu. Mutanen da abinci ma bai ishe su ba sun sayi ruwan leda sun zuba a randa saboda ni, kuma abin da karramawar za ta jawo musu shi ne a cire sunansu daga jerin. Na yi mata bayani sau biyu kafin ta gane. Da ta gane sai ta ce, "To da kin faɗa mana datti kike nema, ai da mun ba ki. Yana nan da yawa." Na ce wa Kwada ta kai yarinyar asibiti a ranar, na nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Ta gyaɗa kai. Ban sani ba ko ta je.

Ranar Litinin na tsaya a ƙofar ofishin Dakta Hammawa na kusan rabin awa kafin in ƙwanƙwasa. Na ajiye masa takardun mitar, na faɗi komai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire gilashinsa ya murza ido ya ce, "Yaushe kika fara ganin wannan bambancin?"

Na faɗa masa.

"Kuma kika yi shiru. Rahoto ranar Juma'a zai tafi, takardun tacewa sun kusa ƙarewa." Ya mayar da gilashinsa. "Duk sakamakon randunan Jambutu a soke. Zan rubuta cewa ba mu kammala ba."

Sai da ya koma wurin kwamitin izini aka gyara sharaɗin: a karɓi yarda sau ɗaya, a gaya wa mutane za a zo kowace rana ba tare da sanarwa ba, a kuma bayyana musu dalili. Wannan ya ci makonni. Na sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, a gajiye, wani lokacin a kore ni a ce in dawo bayan an yi shara. Farantan suka cika da ɗigo har ba ya ƙirguwa. Amma rabon farko ya riga ya wuce. Jambutu ta shiga na biyu, lokacin ruwan sama ya kusa ɗaukewa.

Na sha lissafawa a raina: da na yi magana tun makon farko, da gyaran ya zo kafin rahoton ya tafi? Baba Istifanus, kafin ya yi ritaya, yakan ce ba lallai ba, kwamiti ba ya sauri don kowa. Watakila gaskiyarsa. Watakila kuma lallashina yake yi.

Abin da zan ce wa sababbi bai da yawa. Mutanenmu ba sa nuna wa baƙo abin da suke ci da sha kullum, suna nuna masa abin da ya dace da shi, kuma farar riga da kula sun mai da kai babban baƙo. Ku gaya musu a fili cewa mummunan sakamako ba abin kunya ba ne, wani lokacin shi ne zai kawo taimako. In kuma na'ura ta faɗi abin da ba ku gane ba, ku kai wa na gaba da ku a ranar, ko da za a yi muku dariya.

Duk wanda ya yi aikin nan tare da mu, ko yake zaune a Jambutu a lokacin, in ya ga inda na kauce, don Allah ya aiko wa sashenmu da gyara, zan karɓa. Akwai kuma abu ɗaya da nake roƙo musamman. Ranar da aka kai bokitai gidan Ya Falmata na je, na tarar Kwada ta koma Michika. Ya Falmata ta ce yarinyar tana da rai lokacin da suka hau mota, iyakar abin da ta sani ke nan. In akwai wanda ya san sauran, ya faɗa mini, ko wane iri ne.