Malam Kalilu Marini da Kifin Murjani

Malam Kalilu ya shekara arba'in yana rini a cikin garin Daura, har shuɗin baba ya kama hannuwansa ya ƙi saki. Kifin da ya sani a duniya biyu ne, tarwaɗa da karfasa, su ma sai dai a cikin miya. Shi ya sa ranar da 'yarsa Mardiyya ta ce ilimin kifi za ta karanta a jami'a, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma bai hana ta ba. Shi ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ya san halinta in ta sa abu a gaba.

Karatu ya kai ta wani tsibiri kusa da Zanzibar. Daga can ta fara turo masa bidiyon ɗan kifin da take bincike a kansa, wai shi bileni. Bai fi tsawon yatsa ba, ga idanu ƙulu-ƙulu, ga 'yan gashi tsaye a goshi kamar gira. Sai ya shige rami cikin dutsen murjani, ya leƙo da kai yana kallon masu wucewa. Wani irinsa ma fitowa yake daga ruwa, yana tsalle a kan duwatsu.

"Wannan ai ƙadangare ne ya yi ɓatan kai," in ji Malam Kalilu a waya.

"Kifi ne, Baba. Kuma namijin ne ke gadin ƙwai har su ƙyanƙyashe."

"To, madalla. Wannan ya san ya kamata."

Shekarar da ta kammala, ta aiko masa da tikitin jirgi. Yana da shekara sittin da uku ya fara ganin teku. Ya naɗe wando, ya riƙe hannunta gam, suka shiga ruwa iya ƙugu. Ta ɗaura masa gilashin ninƙaya, ya yi bismilla ya sunkuya. Ga bileni ɗaya nan a bakin raminsa, ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigon shuɗi a kumatu.

Ya ɗago yana tari yana dariya. "Subhanallahi! Mardiyya, wannan shuɗin ban taɓa fitar da irinsa ba!"

Da ya dawo Daura, wata biyu ya yi yana ɗaure yadi yana tsomawa, yana ɓatawa yana sakewa. Abokan aikinsa suka ce teku ta taɓa masa kai. Bai samu shuɗin daidai ba, shi da kansa yake faɗa. Amma zanen da ya fito ya yi kyau, har mata daga Dutsi da Mai'adua suka riƙa zuwa marina suna tambayar mai zanen kifi.