Manuniyar Mushe Garba

"Hajiya, ni sadakata masallaci take zuwa, ba wurin yankan katako ba."

Abin da wani matashin ɗan kasuwa ya ce mini ke nan jiya a shagonsa, nan Dogon Dutsi. Ni iyayen yara suka wakilta in nemo taimako, don injin yankan katako na lakwal, wato makarantar koyon sana'a da ɗiyata ke zuwa, ya tsufa kuma ba shi da murfi. Murfi muke nema, in da hali ma sabon inji. Haƙoransa a waje suke, ga yara suna raɓarsa da hijabi da dogon hannun riga.

Raina ya ɓaci, har na miƙe. Malamin kafinta da ya rako ni, Mushe Garba (Mushe muke ce wa malamin lakwal), ya ce in dakata.

Ya ce, "Alhaji, in ka zauna tahiya, da wane yatsa kake nuni?"

Alhaji ya ɗaga manuniyarsa.

Sai Mushe ya fiddo hannunsa na dama daga aljihu. Inda manuniya take, dungu ne kawai.

"Irin wannan inji ne ya ci tawa. Ni na saba da sallata haka. Yaran nan kuwa tasu tana nan tukuna."

Daga baya Alhaji ya ɗauki nauyin murfin da tabarau na kare ido. Zancen sabon inji kam bai taɓa shi ba.

Ranar kasuwa zan tafi garin Kore Mairuwa, kuma ba zan zauna ba sai tsohon injin nan ya bar ajin. Shagon wa kuke ganin in fara shiga a can? Ku gaya mini, tun yatsun yaranmu suna cike.