Zuciyata Bayan Haihuwar Fari

Kwana goma sha biyu da haihuwar 'yata ta fari numfashi ya fara gagarata. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, ƙafafuna suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. Innata, wadda ta zo daga Kano don yi mini wankan jego, ta ce ai haka jego yake, ta ƙara wa kununa kanwa. Mijina ne bai yarda ba. Ya tare keke a ƙofar gidanmu da ke unguwar Fezzan ya kai ni asibiti.

Sati biyu na yi a kwance. Likita ya ce tsokar zuciyata ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, kuma hakan yakan sami wasu mata bayan haihuwa. Ranar sallama aka haɗa ni da wata nas, doguwa, mai Hausa da karin Kanuri. Ta sa mijina ya sayo sikeli da na'urar awon jini, sannan ta karɓi wayata ta saka lambarta.

"Kullum da safe kafin ki karya, ki hau sikeli, ki auna jini da bugun zuciya, ki ɗauki hoto ki turo mini," in ji ta. "Kada ki jira sai kin ji ciwo."

Washegari da na tura hoton farko ta kira, ta ce in ba Inna wayar. Na sa a lasifika.

"Wushe, Hajiya, sannu da ɗawainiya. Wanka a ci gaba, amma da ruwan ɗumi. Kanwa kuwa a ajiye ta, gishiri ɗan kaɗan."

"'Yar nan, mu da kanwa aka yi mana jego, ga mu da ranmu."

"Gaskiya ne, Hajiya. Amma zuciyar 'yarki ta gaji, kanwa da gishiri ruwa suke tara mata a jiki. Ke na bar wa amanarta."

Inna ta taɓe baki ta miƙo mini wayar. Amma daga ranar ita ke jawo sikelin daga ƙarƙashin gado ta tsaya a kaina. Kwana arba'in ta zo yi, ta yi wata bakwai.

Tafiya aka fara ba ni ta minti biyar a tsakar gida, wayar tana aljihuna tana ƙirga taku. Dokar nas ita ce, in har ba zan iya gaisawa da mutum in kai ƙarshe ba tare da haki ba, in nemi wuri in zauna. Sati na uku na kai zaure. Daga baya na fara fita da sanyin safiya, ina bin inuwar darbejiya har ƙarshen layinmu, in jingina da katangar masallaci in huta, in dawo.

A wata na uku nauyina ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku. Ni har murna nake, na zaci ƙiba ce ta fara dawowa. Na tura hoton, ban ajiye wayar ba kiran nas ya shigo.

"'Yar'uwa, me kika ci?"

Na faɗi gaskiya: an yi suna a maƙwabta, an aiko da dambun nama da miya, na yi kwana biyu ina ɗanɗanawa a ɓoye. Ta ce in danna ƙafata da yatsa. Na danna, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta yi magana da likita, aka ƙara mini maganin fitsari na 'yan kwanaki, kumburin ya sace ba tare da an sake kwantar da ni ba.

Da na cika wata shida aka sake hoton zuciya. Likita ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo ya ce ƙarfinta ya kusa dawowa daidai. Ya ce in ci gaba da magani, kuma kada in sake ɗaukar ciki sai mun zauna da shi.

Da muka dawo daga asibiti muka sauka a bakin titi, Inna tana goye da yarinyar. Hadari ya haɗu tun muna hanya, muna shiga layi ruwa ya ɓarke. Na tuna da shanyar da na bari a igiya. Ban yi tunanin komai ba, na tattare hijabi na zuba a guje har tsakar gida, na kwashe kayan tas na shige ɗaki.

Inna ta shigo a jiƙe tana salati.

"Ke! Gudu na ga kin yi?"

Sai a lokacin na lura. Na dafa ƙirjina, na ji zuciyata tana bugawa da ƙarfi, daidai, babu tsinkewa. Muka tsaya muna kallon juna, ruwa na ɗiga daga jikinmu, muna ta dariya har yarinyar ta farka.