Taguwar Baffa Buba

Duk wanda ya san Baffa Buba ya san sandar nan tasa mai tsage-tsage. Ba ta kiwo ba ce, kuma ba dogara ta yake yi ba, ta awo ce. Da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya tafi rafin da ke gaba da Inkil, wanda ya raba gari da rugarmu, ya tsoma ta a mashigi, ya tsaga inda ruwan ya kai. Ya dawo gida ya jingina ta da a-kori-kurarsa, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Saura taƙi ɗaya."

Ni ɗan ƙaninsa ne, a gidansa na Ƙofar Dumi na tashi, shi ya sa na san mafarin abin. Shekarar da Dada, mahaifiyarsu, ta kwanta ciwo a ruga, rafin ya cika, motarsa ta mutu a tsakiyar ruwa, sai da shanu suka jawo ta. Kwana biyu yana bakin gaɓa. Da ya haye, an riga an rufe Dada. Yayarsa Goggo Dije kuwa tana can, ta ce ko da igiya ba za a kawo ta birni ba. To shi ne ya rantse ruwa ba zai sake shiga tsakaninsa da 'yar uwarsa ba.

Nan fa Bitrus bakanike, mai gareji a Wunti, ya shiga uku. Baffa ba ya sayen sabon abu, haram! Wajen 'yan gwangwan ya je ya kwaso sifirin na wata matacciyar babbar mota, ya zube a gaban Bitrus, ya ce a ƙara wa motarsa tsayi.

Bitrus ya ce, "Alhaji, wannan ai na mai ɗaukar siminti ne."

Ya ce, "Yauwa. Wanda ya ɗauki siminti zai kasa ɗaukar Goggonku ne?"

Aka ƙara sifirin, aka sa dogayen shokazoba, aka canza tayoyi. Baɗi ya koma, baɗin baɗaɗa ya sake komawa, kullum da sandarsa. A na ukun Bitrus ya ajiye sifana ya ce, "Alhaji, don Allah mota muke gyarawa ko raƙumi?" Tun daga ranar sunan ya bi ta, kowa Taguwa yake ce mata. Baffa ya ji daɗin sunan har ya sa aka rubuta a bayanta.

Ranar da aka gama ɗagawa ta ukun, ya taho da ita gida yana ta hon, mota ta ce ba ta san ƙofar gidan ba. Saman ya tokare. Maƙwabta suka taru, wani ya ce a sace iskar tayoyin, wani ya ce a mayar wa Bitrus ya rage.

Baffa ya ce, "A rage? Ƙofar ce za ta haye rafi?"

Wallahi kafin la'asar an fasa saman ƙofar. Inna Mairo, matarsa, tana tsaye da ludayi a hannu ta ce, "Malam, in ka ƙara taƙi ɗaya sai mu cire rufin gidan mu huta."

Ita ce kuma ta fi shan wahala. Baffa gajere ne, kun sani, hawa Taguwa ya gagare shi, kuma ya ce ba zai ba mai walda ko sisi ya yi masa matakala ba alhali akwai turmi a gida. Sai ya kife turmin Inna ya taka, ya ɗaura masa igiya, in ya hau ya jawo shi ciki. Rannan Inna ta jiƙa gero za ta yi fura, ta duba lungu da saƙo babu turmi. Turmi yana kasuwar Wunti a kujerar gaba! Da ya dawo ta tare shi, ya ce, "Haba Mairo, shekara talatin yana wuri ɗaya, bai isa ya ga gari ba?"

Ga shi ba ya gudu da ita. Bitrus ya gaya masa mota mai tsayi haka in ta sha kwana da ƙarfi kifewa take yi, shi kuwa ya riƙe maganar tamau. A shataletalen Wunti masu keke sukan wuce shi suna ihu, "Baba, sauko ka tura mana!" Shi kuma daga can sama ya leƙo ya ce, "Mu haɗu a rafi."

Mun yi dariya, ni ma na yi, har nakan ɓuya in zai rage mini hanya. Amma daminar da Goggo Dije ta yanke jiki ta faɗi, ina cikin motar. Ƙananan motoci da babura sun yi layi a bakin rafin, kowa ya zuba tagumi. Baffa ya sauka ya tsoma sanda, ya duba, ya hau turminsa, ya yi bisimilla ya shiga. Ruwa yana dukan ƙofa, ni ina ta salati, shi ko a jikinsa. Muka ɗauko ta muka kai asibiti. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne, "Buba, kada ka sake ɗora ni a kan wannan bene." Ranar na ga Baffa yana dariya yana share hawaye da bakin rawaninsa.

Duk da haka bai haƙura ba. Bara ya sake kai wa Bitrus, aka yi ta rigima, a ƙarshe Bitrus ya ƙara masa taƙin don ya samu lafiya.

Baffa ya rasu a tsakiyar daminar bana, da hantsi, bayan ruwan kwana biyu. Wasiyyarsa ɗaya ce, a rufe shi kusa da Dada. Muka isa rafin da gawarsa a bayan Taguwa, Bitrus ne a sitiyari don shi kaɗai ya san halinta. Na sauka na tsoma sandar. Ruwan ya wuce duk tsagar da ke jikinta. Dattawa suka ce a koma gari kawai. Bitrus ya karɓi sandar, ya jingina ta da motar, ya auna da hannunsa yadda Baffa yake yi. Sannan ya ce, "Za ta wuce. Na baran nan da na yi ta masa faɗa, shi ne zai fitar da mu."

Ta kuwa wuce. Goggo Dije tana tsaye a ɗaya gaɓar tana jiran ƙaninta.

Allah ya jiƙan Baffa Buba, ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Yadda bai bar ruwa ya raba shi da nasa ba, Allah kada ka raba shi da rahamarka, ka sada shi da Dada a Aljanna. Amin.